Zaƙamin da Na Zuba a Kunun Gayya

Akwai abin da mutum kan manta da gangan, akwai kuma wanda ko ya so mantawa ba zai bar shi ba. Ranar gayyar huɗar masararmu tana cikin na biyun. Shekaru sun ja, gemuna ya fara fari, amma har yau ina ganin gonar nan ta bayan Kurmin Kogi kamar jiya, har da gurbin da aka ajiye bokitin kunu. Ba zan manta da wannan rana ba, domin abin da ya faru da hannuna na haddasa shi.

A lokacin ban cika shekara talatin ba, kuma ina da wani hali da har yanzu ban gama rabuwa da shi ba: ba na son aiki ya kwana. In an ce abu kwana biyu zai ci, sai na nemo dabarar gama shi a yini ɗaya, ko da dabarar ta banza ce. Yayana kuwa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ba haka yake ba. Mutum ne mai sanyi, mai auna magana kafin ya fitar da ita. Shi ne limamin ɗan masallacin unguwarmu, ba don ya fi kowa shekaru ba, sai don mutane sun yarda da hankalinsa. In rigimar iyakar gona ta tashi, shi ake kira. Ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba, goro ma ba ya ci. Gonar gado tare muke noma ta, amma a wannan damina ya sakar mini ragamar aikin, ya ce lokaci ya yi da zan koya.

Masara ta kai huɗa, ruwa kuma yana sauka ba hutu, sai na kira gayya. Na zaga gida-gida, na samu alkawarin mutum wajen ashirin. Duk wanda ya san gonar ya san aikin ya fi ƙarfin mutum ashirin a yini guda, ni ma na sani. Ina cikin wannan tunani na haɗu da wani abokina da ke aikin dafa mazarƙwaila a wajen Makarfi. Da na faɗa masa damuwata sai ya yi dariya, ya ce ai wannan ba matsala ba ce. Ya ce a wurin aikinsu akwai masu jefa 'ya'yan zaƙami kaɗan a shayi, su yini gaban wuta ba su ji gajiya ba. In na daka kaɗan na zuba a kunun gayya, ƙarti za su cinye gonar kafin la'asar.

Zaƙami ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yana fitowa da kansa a juji da bayan gidaje, mai farin fure dogo da ƙwallo mai ƙaya. Tun muna yara ake hana mu taɓa shi, wasu ma haukata yaro suke ce masa. Sunan kaɗai ya isa ya yi wa mai hankali gargaɗi. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne kafin la'asar.

Da safiyar ranar na fasa ƙwallo uku a bayan rumbu, na niƙa 'ya'yan a kan dutse. Abokina ya ce kaɗan, amma bai faɗa mini iyakar kaɗan ɗin ba, ni ma ban tambaya ba. Matata ta dama kunun tsamiya cike da babban bokiti, ta miƙo mini a ƙofar gida. A hanya na tsaya, na juye garin a ciki, na juya da ludayi sau biyu uku na rufe. Ban san cewa garin ba ya narkewa ba, zuwa yake ya kwanta a ƙasa. Hankalina a kwance yake ta wani ɓangaren, domin Yaya ya tafi Ikara ta'aziyya tun da sassafe, ya ce ba lallai ya dawo da wuri ba.

Da hantsi ya yi aka ajiye garma, aka taru a inuwa, aka shiga zagaya ludayi. Al'adar gayya a wurinmu ita ce masu gona ba sa sa baki a abincin sai baƙi sun gama. Wanda ya zo ya taimake ka shi ne gaba, kai ka ci abin da ya rage. Wannan al'ada ta yi mini daɗi a ranar, na koma gefe ina gyara ƙotar garma, ba wanda ya tambaye ni me ya sa ban sha ba.

Ana cikin sha sai ga Yaya a kan kekensa. Ashe bai daɗe a gidan makokin ba, ya ce ba zai yiwu mutane suna yi masa aiki yana wani gari ba. Ya jingine keken a jikin tsohuwar bishiyar kuka da ke bakin gonar, ya bi kowa ya yi masa sannu da aiki, ya tsaya yana jira har na ƙarshe ya ajiye ludayi. Sannan ya tsuguna, ya karkata bokitin, ya kwashe kaurin da ya rage a gindi. Ya yi bisimilla ya sha, ya ƙara, ya kuma ƙara, domin bai karya ba ya fita.

Ina tsaye ina kallonsa, tsakaninmu bai fi taku goma ba. Kalmar Yaya ta zo har bakina ta tsaya. In na hana shi, zai tambaye ni dalili a gaban mutum ashirin da suka riga suka sha. Sai na ce wa kaina ai kaɗan ne. Wannan shirun shi ne abin da na fi jin nauyinsa a duk labarin, ya fi zuba garin kansa.

Ƙarfin da aka yi mini alkawari ban gan shi ba. Abin da na gani shi ne mutane suna ta neman ruwa, suna cewa maƙogwaronsu ya bushe. Wani ya ce layukan masara rawa suke yi masa a ido. Wasu biyu suka kama dariya ba dalili. Huɗar da aka yi bayan shan kunun nan, da ka gan ta ka ce makaho ne ya ja ta, sai da na sake rabinta daga baya ni kaɗai.

Yaya kuwa bai yi awa guda ba ya saki garma. Na matso na ga idanunsa sun buɗe ƙwarai, baƙin ya kusa cinye su. Muryarsa ta dushe. Ya fara tsintar wani abu a iska yana jefarwa, sannan ya koma tsintarsa a jikin rigarsa. Ya ce tururuwa ce ta cika ta, ya tuɓe rigar ya yar, ya cire hula ya bi ta da ita. Daga nan ya juya wajen da ba kowa, ya durƙusa, ya gaida mahaifinmu da ya shekara fiye da goma a kabari, yana tambayarsa ya hanya. Sai ya miƙe ya shiga cikin masara, yana dafa kara ɗaya bayan ɗaya yana tura shi baya kaɗan, yana cewa, “Ku daidaita sahu. Ku cike giɓi.”

Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo cikin 'yan gayyar ya dubi keken da ke jingine a jikin kuka, ya girgiza kai, ya ce ai shi ke nan. Kowa ya san bishiyar nan tana da masu ita, kuma Malam ya shiga inuwarta yana dawowa daga gidan mutuwa. Kafin a kai shi gida magana ta zauna: iska ce ta buge shi. Ina jin su, har na ji wani irin sauƙi a raina, Allah ya yafe mini, domin an samo mai laifi kuma ba ni ba ne.

A gida baffanmu, ƙanin mahaifinmu, shi ya karɓi al'amarin. Ya sa aka kwantar da Yaya a ɗaki, aka rufe taga, aka kawo kasko da garwashi aka zuba turaren hayaƙi, aka lulluɓe shi da bargo don hayaƙin ya shige shi. Da ya riƙa fizgewa yana neman fita, Baffa ya ce a ɗaure ƙafafunsa. Ni na kawo igiyar, ni na ɗaure. Da na taɓa ƙafarsa na ji ta da zafi kamar dutsen guga, kuma a bushe ƙarƙaf. Mu duk gumi muke yi a ɗakin, shi ko ɗigo babu.

Allah ya sa 'yar goggonmu, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Ikara, ta taso daga aiki bayan azahar ta ji labari a hanya. Mace ce da ba ta da tsoro, tun muna yara haka take. Ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba, ta yaye bargon, ta ce a fitar da kaskon a buɗe taga. Baffa ya ce mata wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta durƙusa ta ce, “Kawu, ka yi mini haƙuri in duba shi. In ba namu ba ne zan bar muku.” Ta haska idonsa da fitilar waya, ta taɓa wuyansa, ta duba harshensa. Sannan ta fito tsakar gida, inda waɗanda suka ɗauko shi suke zaune suna ta ɗaga buta suna shan ruwa, ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye su me suka ci a gona, suka ce kunu kawai.

Sai ta yafito ni, ta ja ni bayan rumbu, daidai wurin da na yi niƙan da safe. Ta ce, “Duk wanda ya je gonar nan bakinsa a bushe yake, idonsa a buɗe. Kai kaɗai ne lafiya lau. Me aka sa a kunun? Faɗa mini yanzu, zafin jikin nan zai iya kashe shi kafin magariba.”

Na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, ba ta da lokacin wannan. Ta kira Baffa gefe ta gaya masa, ta sa aka jiƙa zannuwa aka rufa wa Yaya, aka nemo mota.

A asibiti aka sa masa ruwa, aka yi ta sanyaya jikinsa, har fitsari sai da aka taimaka masa domin ya ɗauke. Likitan, wani mutum mai magana a hankali, ya zaunar da ni da Baffa ya yi mana bayani da Hausar da za mu gane. Ya ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa saƙo suke miƙa wa juna ta hanyar wasu sinadarai, zaƙami kuma yana zuwa ya toshe wa ɗaya daga cikinsu hanya. Wannan sinadarin shi ke kula da yawu da gumi da fitsari da buɗewar ido, shi ne kuma ke taimaka wa mutum ya riƙe abin da ke faruwa, ya bambance abin da ke gabansa da abin da ke cikin kansa. In aka toshe shi, sai mutum ya shiga mafarki ido biyu. Mahaifin da Yaya ya gaida, a wurinsa ya gan shi sarai kamar yadda muke ganin likitan. Ya ce abin ba ya ƙara wa kowa ƙarfi, ruɗa jiki kawai yake yi har ya kasa jin gajiyarsa. Kuma ba shi da ma'auni, ƙwallo ɗaya kan fi wani dafi ko da a jikin tsiro ɗaya suke. Yawanci in gubar ta fita hankali yana dawowa, amma akwai wanda ke da wani ciwo a kwance, irin wannan ya tayar masa da shi, ya daɗe bai koma daidai ba. A ƙarshe ya ce in Yaya ya farfaɗo mu gaya masa gaskiyar abin da ya same shi, domin ba zai tuna komai ba, kuma rashin sanin kan zama ciwo na dabam.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ba mu bi ba. A hanyar komawa Baffa ya ce maganar ta mutu a nan. In gari ya ji na ba mutum ashirin zaƙami, ba mai sake amsa gayyar gidanmu, ba mai sake shan ruwa a hannuna. In Yaya ya ji, zumunci ya ɓaci. A bar shi a kan iska, iska ba ta da dangi da za a kunyata. 'Yar goggonmu ta yi gardama, amma ba ta iya tsallake maganar kawunta ba. Ni kuwa ban yi gardama ba ko kaɗan.

Kwana uku aka sallamo Yaya. Abin da yake tunawa na ƙarshe shi ne jingine keke. Kusan mako guda in ya buɗe littafi baƙaƙen sai su haɗe masa, ya rufe ya ajiye. Wannan ya wuce, jikinsa ya dawo. Amma labari ya riga ya kai har Saulawa cewa liman ya taɓu, an gan shi ba riga yana jan kara salla. Ba wanda ya cire shi daga limanci. Ranar da ya fara komawa masallaci, aka ta da iƙama, sai aka yi ɗan jim, mutane suna kallon juna. Ya lura, ya ja baya, ya tura wani gaba. Daga ranar bai sake shiga gaba ba. Rigimar gona ta tashi a unguwa, aka wuce ƙofarmu aka je wurin wani.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ya daina yarda da kansa. In ya ji motsi sai ya tambayi matarsa ko ita ma ta ji. In ya ga wani daga nesa sai ya jira wani ya fara gaida shi, don ya tabbatar akwai mutumin. Barcinsa ya ragu, ya rame. Gubar ta fita daga jikinsa cikin kwana uku, amma abin da muka bar shi da shi ya kai wata biyu yana cin sa, ina gani kullum ina cewa gobe zan faɗa.

Ranar da abin ya ƙare muna karyar masara ne mu biyu, da yamma lis. Ya zauna a kan buhu, ya daɗe yana kallon bishiyar kukan nan. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ina so in bar maka amana. In abin nan ya dawo, kada ka bari a ɗaure ni a gaban 'ya'yana. Ka kai ni wani wuri da ba za su gani ba. Kai kaɗai na yarda da kai.”

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na gaya masa komai, tun daga abokina na Makarfi har zuwa taku goman da ke tsakaninmu lokacin da yake sha. Ina jiran mari ko tsinuwa, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Na ɗaga kai na dube shi. Hawaye ne a idonsa, amma fuskarsa a sake take, irin yadda ban gan ta ba tun kafin gayyar.

Ya ce, “Wato ba hauka na yi ba.”

Na ce a'a, Yaya.

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya maimaita har sau uku. Sai daga baya ya ce, “Wata biyu kana kallona.” Ya tashi ya ci gaba da karyar masara.

Bai ce in gaya wa kowa ba. Ni na ga ba wata hanya. Washegari bayan sallar la'asar na miƙe a masallaci kafin mutane su watse, na faɗi abin da na yi, na nemi gafarar duk wanda ya sha kunun. Abin da Baffa ya ji tsoro ya faru, ba duka ba amma ya faru. Wasu sun yafe nan take, wasu sun daɗe ba sa amsa sallamata, kuma daminar da ta biyo na kira gayya mutum shida suka zo. Amma a magaribar ranar da na yi maganar, da aka ta da iƙama, dattijon nan da ya fara zargin bishiya shi ya kama hannun Yaya ya tura shi gaba. Yaya ya juyo ya dubi jama'a, ya ce su daidaita sahu. Ba wanda ya ɗaga kai, kowa ya gyara tsayuwarsa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na koye shi da kyau. Hankali ba abin gwaji ba ne, duk abin da aka ce zai taɓa shi babu kaɗan a cikinsa, balle a zuba wa wanda bai sani ba. Na kuma koyi cewa mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta taɓa ruɗewa yana bukatar gaskiyar abin da ya same shi kamar yadda yake bukatar magani. Zaƙami kwana uku ya riƙe yayana, shiruna ne ya riƙe shi wata biyu.

Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa, kuma na yarda. Har yau tare muke noma. Sai dai a gidana al'adar nan ta juye. Duk lokacin da ya zo aka kawo kunu ko fura, zai ci gaba da hirarsa, hannunsa a kan gwiwa. Ni na san abin da yake jira. Sai in ɗauki ludayi, in kai shi har gindin ƙwarya, in ɗebo in sha a gabansa, sannan in miƙa masa.